Leda, gawayi da bishiya: me mutum ɗaya zai iya yi?

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan zaure, da fatan mun wuni lafiya. Akwai abin da yake damuna tun makon jiya, na ce bari in kawo shi nan.

Ruwan da aka yi daren Talata ya shigo mana gida. Har idon sawu a ɗakin yara, katifu biyu suka jiƙe, littattafan makaranta suka lalace. Da gari ya waye maigidan da samarin layinmu suka ɗaga marfin lambatun ƙofar gida. Abin da suka yi ta kwasowa da shebur: ledar fiyo wata, baƙar leda, robar lemo, ƙunzugun yara na zamani. Sai da suka cika baro shida. Ina tsaye a soro ina kallo jikina ya yi sanyi, domin na san da sharar gidana a ciki. Kullum nakan ba almajirinmu bokitin shara da ɗan abin hasafi, ban taɓa tambayarsa inda yake kai ta ba.

Tun ranar na fara 'yan gyare-gyare. Na ɗinka jakar cefane da ragowar atamfa. In na aiki yara sayen ƙosai ko waina, kula nake ba su. Ɓawon doya da dusa ina ware wa maƙwabciyata mai awaki. Amma kullum zuciya na ce mini, ke kaɗai a unguwa guda me za ki tsinana? Ga zafin bazara yana ta ƙaruwa, ga damina babu tabbas, ana ta cewa sauyin yanayi ne. Shin abin da mutum ɗaya yake yi a gidansa yana da wani tasiri kuwa? Ku kuma me kuke yi?

Baban Sadiƙ:
Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya mayar da alheri, ya kiyaye gaba. Amma ki yi haƙuri, zan faɗi yadda nake gani ko ba daɗi. Duk faɗin Afirka, hayaƙin da take fitarwa mai ɗumama duniya bai kai kashi 4 cikin 100 ba. Sin da Amurka da Indiya da ƙasashen Turai su ne manyan. Mutumin da ake kawo masa wuta awa uku a rana, yana hawa Adaidaita Sahu, shi za a ce wa ya rage? Ya rage me? Ga iskar gas can ana ƙonawa dare da rana a yankin Neja Dalta shekara da shekaru, jakar atamfarki ba za ta kashe wannan wutar ba. Tsorona shi ne a ɗauki laifin manya a ɗora wa talaka, mu kuma mu karɓa hannu biyu.

Ɗalibar Kimiyya:
Baba, lissafinka daidai ne, ban ja ba. Sai dai abubuwa biyu ne suka haɗu a gidan Anti Maman Khalifa ranar Talata, kuma ɗaya daga ciki namu ne.

Na farko ɗumamar duniya. Iska in ta yi zafi tana ɗaukar tururin ruwa da yawa, kusan ƙarin kashi 7 cikin 100 a kan kowane digiri ɗaya. Shi ya sa ruwan da a da zai sauka a hankali cikin kwana uku yanzu yake zubowa a dare ɗaya. Shekarar 2024 ita ce mafi zafi tun da aka fara ajiye ma'auni, kuma a watan Satumbanta ne madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri. A 2022 ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya, Jigawa na cikin jihohin da suka fi ji a jika. Wannan ɓangaren, gaskiya ne, ba mu muka jawo mafi yawansa ba.

Na biyu shi ne abin da ruwan yake tararwa in ya sauko. In ya tarar da lambatu a buɗe ya wuce, in ya tarar da baro shida na leda ya shiga ɗakin yara. Wannan kam babu Bature a ciki.

Baban Sadiƙ:
Na ji 'yata. To amma ina za a kai sharar? A unguwarmu rabon da mota ta zo kwasar bola na manta.

Ɗan Fawa:
Bari in sa baki, don ni abin da idona yake gani zan faɗa. Shekara goma sha takwas ina fawa. A da sai jefi-jefi za ka farke tumbi ka ga leda. Yanzu awakin cikin gari da ake saki suna yawo a bola, da wuya ka yanka biyar ba ka samu a ɗaya ko biyu ba. Takan dunƙule ta yi tauri kamar igiya da aka ƙulla. Mai akuya tana ganin dabbarta tana ramewa, ciki ya kumbura, ta yi ta sayen magani, ashe babu wurin da abinci zai zauna ne. Ƙarshe ta sayar mana da ita rabin kuɗi. Kuma yawanci matan aure ne da zawarawa, akuyar ita ce asusunsu. Ni yanzu masu sayen nama na yau da gobe nakan roƙe su su zo da kwano. Wasu sun fara.

Hajiya Babba:
Allah ya yi maka albarka ɗana. Ni da na haura saba'in, na ga lokacin da babu leda sam, kuma ba mu rasa komai ba. Kwando muke kaiwa kasuwa. Nono a ƙwarya, man gyaɗa a kwalba, alala a ganye ko a gwangwani, goro a ganyensa, tsire a takarda. Shara kuwa toka ce da kashin awaki da ƙaiƙayi, in rani ya yi masu jakuna su zo da mangala su kwashe su kai gona, har su yi maka godiya. Yanzu manomi in ya sayi takin bola sai ya ɗauki yara su tsince leda, duk da haka in ka bi gonakin bakin gari za ka ga tana ta kaɗawa a jikin kara.

Sannan ku tambayi manya, kududdufai nawa aka cike a cikin birnin Kano aka yi gini a kai? Su ne suke shanye ruwan unguwa. Ruwa ba ya manta hanyarsa.

Mai Gawayi:
Salam. Na ga an fara da leda, na san za a zo kaina, gara in riga ku. Gawayi nake sayarwa, da shi nake ciyar da mutum tara. Ban ƙi a ce sana'ata tana cin daji ba, domin na sani. Masu kawo mana kaya da bakinsu suke cewa ƙirya, wadda gawayinta ya fi kowanne ƙarko, ta yi nisa, yanzu sai an yi tafiyar da ta ninka ta da kafin a samu. Har kaɗanya da ɗorawa ake sarewa, itatuwan da iyayenmu ba sa ɗora wa gatari.

Amma ku dubi wa ke saye. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, gas ma ya tashi. Matan da suka yi shekaru suna girki da gas sun jingine tukunyar a lungu sun dawo kurfoti. Ma'aikata ne, malaman makaranta ne. Ba son hayaƙi suke ba. In na rufe shago gobe, wani zai buɗe jibi, domin dole a dafa tuwo.

Anti Nas:
Malam Mai Gawayi, babu mai zaginka, kuma na ji daɗi da ka yi magana da kanka. Ni ta ɓangaren lafiya zan shigo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida ya kashe kimanin mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020. A wurin aiki ina ganinsu: uwa da tari wanda ba ya jin magani, ido kullum ja, jaririn da ke goye a bayanta yana shaƙar abin da take shaƙa, a kawo shi da ciwon haƙarƙari.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne hura wuta da leda. Mata da yawa yanzu da ita suke tayar da gawayi saboda kananzir ya yi tsada. Don Allah a daina. Wannan baƙin hayaƙin guba ne, kuma fuskarki tana kansa kina fifita. Ƙirare ko busasshen kara ko tsumma da ɗigon man gyaɗa duk suna yi. Haka zuba koko ko tuwo mai zafi a leda, shi ma a rage.

Wanda ba shi da halin gas, akwai abin da zai yi. A yi girki a fili ko inda iska ke ratsawa. A rufe tukunya. A jiƙa wake tun dare. In an sauke girki a kashe ragowar garwashi a ajiye. Murhu mai laka a ciki yana riƙe zafi fiye da kurfotin ƙarfe zalla. Ni buhun da yake yi mini wata ɗaya yanzu yana kai ni kusan wata ɗaya da rabi.

Mai Gawayi:
Wannan gaskiya ne Anti. Matan da suka sayi murhun nan mai laka na lura sun rage zuwa. Cinikina ya ragu ta wajensu, amma ban ji haushi ba, domin a gidana ma shi na saya.

Ɗan Maraɗi:
Sallama gare ku 'yan'uwa na Najeriya. Na daɗe ina karatu ban tanka ba, amma zancen icce ya taɓo ni, don mu nan mun ga abin da ido.

Bayan yunwar 1984 ƙasarmu ta zama fili fetal. Mahaifina yana ba mu labari, in ka tsaya bakin garinmu kana hango na gaba, babu abin da ya tare. Iska ta taso ta binne hatsi yana ɗan tsiro, sai an yi shuka sau biyu, sau uku. An kawo dashe iri-iri daga gandun reno, mafi yawa suka mutu. Sai wani masanin noma ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da yake aiki nan Maraɗi tun farkon shekarun 1980, ya lura da abin da kowa yake takawa yana wucewa: 'yan tsirran da muke sassabewa kowace bazara muna ƙonawa ba ciyawa ba ne, kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu tana can ƙasa da ƙarfinta. Abin da suke buƙata kawai a bar su, a rage masu rassa. Mu muna ce masa sassabin zamani.

Da farko mutane sun ƙi, wanda ya bar icce cikin gona ana ce masa malalaci. Sannu a hankali aka ga gonarsa ta fi. Yau ana lissafin kadada wajen miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar, jihohin Maraɗi da Damagaram musamman. Babu wanda ya dasa su. Manomi ɗaya ne, da maƙwabcinsa, da maƙwabcin maƙwabcinsa.

A gonarmu akwai gawo fiye da talatin, ga kalgo, ga sabara, ga aduwa. Kun san halin gawo, da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya yi wa hatsi inuwa, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi kore ya ba bisashe 'ya'ya. Hatsin da ke gindinsa ko makaho ya shafa ya san ya bambanta. Matanmu da suke wuni neman iccen girki yanzu daga sassaben gona suke samu.

Don haka Malam Baban Sadiƙ, ban ce mun gyara yanayin duniya ba. Amma iskar da take binne mana shuka ta ragu, kuma ba mu jira kowa ba.

Baban Sadiƙ:
Ɗan'uwa, wannan magana ta shige ni. Na san labarin sama-sama, ban san girmansa ya kai haka ba.

Malamin Firamare:
Daga Yobe nake, wajen Yusufari, inda tudun rairayi yake cin gonaki da gidaje muna kallo. Abin da Ɗan Maraɗi ya faɗa shi ne ciwon da ke raina. Jiharmu na cikin jihohi 11 na Arewa da shirin nan na Babbar Ganuwar Bishiyoyi ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, daga Senegal har Jibuti. Niyya mai kyau ce. Amma dashe daban, reno daban. An taɓa kawo mana dashe 200 a makaranta, aka yi taro aka ɗauki hoto. Babu shinge, babu wanda aka ɗora wa ban ruwa. Kafin kaka awaki sun gama da su, saura bakwai.

Shekarar da ta biyo na canja dabara. Guda 30 kawai na karɓa. Kowace bishiya na ba yara biyu, suka sa mata suna, suka kewaye ta da ƙaya, kowa ya zo da ruwa a gora daga gida da safe. Ashirin da uku sun rayu, yanzu a inuwarsu muke hutun tara. Duk wanda zai dasa, ya fara tambayar kansa wa zai ba ta ruwa a watan Maris da Afrilu. In babu amsa, ya dasa ɗaya tak ya riƙe ta da kyau.

Malam Na Zaure:
Madalla da wannan tattaunawa. Ina so in tuna mana cewa ba baƙon abu ba ne a addininmu. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa babu Musulmin da zai dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci daga gare ta, face an rubuta masa sadaka. Imamu Ahmad kuma ya ruwaito cewa in Alƙiyama ta zo alhali a hannun ɗayanku akwai dashen dabino, in zai iya dasa shi kafin ta tsaya, to ya dasa. Hajiya Maman Khalifa, ki dubi wannan da kyau. Wanda aka ce ya dasa a wannan lokaci ya san ba zai ci 'ya'yanta ba. Ba a ɗora masa sakamako ba, aikin aka ɗora masa.

Sannan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu ɗaya na ruwa, mudun Annabi, wato cikin tafi biyu na mutum matsakaici. Mu kuwa sai mu saki famfo yana zuba har mu gama. A masallacinmu mun ja 'yar hanya daga wurin alwala zuwa gindin darbejiya uku da zogale. Shekara huɗu ke nan ba mu taɓa ɗibar masu ruwa daban ba, kuma caɓalin da ke ƙofar masallaci ya ƙare.

Baban Sadiƙ:
Allah ya saka da alheri Malam. Na karɓi maganar bishiya da ta lambatu. Amma har yanzu ina nan kan bakana a abu ɗaya: kada wannan ya sa mu yi shiru ga masu mulki. Najeriya ta yi alkawari a taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a Glasgow a 2021 cewa za ta kai matakin daidaita hayaƙinta, wato abin da take fitarwa kada ya wuce abin da ake shanyewa, nan da 2060, aka sa hannu a dokar sauyin yanayi a shekarar. To ina aikin? Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi a 2017, Legas ta hana robar zuba abinci ta soso a farkon 2024. Mutum ɗaya ba ya hana kamfani buga leda, doka ce take hanawa. Kuma har yanzu ba a amsa mini ba, ina Hajiya za ta kai shararta?

Ɗan Maraɗi:
Mu ma an yi dokar hana leda a 2014, amma in ka shiga kasuwa ga ta nan ko'ina. Doka in mutane ba su ɗauke ta tasu ba, takarda ce.

Ɗalibar Kimiyya:
Baba, ga yadda muka yi a gidanmu, ko zai yi amfani. Da muka fara warewa sai muka ga abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Ragowar abinci da ɓawo na dabbobi ne. Toka da sharar tsakar gida muna tarawa a rami bayan gida, mai lambu yana zuwa ya ɗauka. Robar lemo masu zoɓo da kunun aya suna so, gwangwani da ƙarfe da tsofaffin robobi 'yan bola-jari suna saye da kuɗi. Ledar fiyo wata muna cusawa a buhu, in ya cika akwai mai zuwa ya auna. Abin da ya saura a mako bai cika bokiti ɗaya ba, shi ne yayana yake ɗauka a babur ya kai inda aka tanada. Nisa ne, amma sau ɗaya ne a mako. Ƙonawa dai ba ma yi, saboda abin da Anti Nas ta faɗa.

Kuma na yarda da kai, a yi ta matsa wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma. Sai dai layin da ya riga ya haɗa kansa ya fi samun kunnen da zai saurare shi.

Tela Mai Sola:
Ni da lissafin aljihu na shigo harkar, ba da tunanin yanayi ba. Man janareta yana cinye rabin abin da na samu. Na yi adashi na sa farantin sola biyu da batir, suna ɗaukar fitilu da fanka da keken ɗinki ɗaya. Cikin shekara guda kuɗin ya dawo, ga shiru a shago, maƙwabta sun huta da hayaƙi. Gargaɗi ɗaya: batir in ya mutu kada a bar yara su fasa shi, akwai dalma da ruwan guba a ciki. A mayar wa masu sayarwa, suna karɓa su rage maka kuɗin sabo. Hajiya, in matan layinku suna son jakar cefane, ƙyallaye sun taru mini buhu guda, kyauta zan bayar.

Maman Khalifa:
Kai, na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Malam Tela zan turo Khalifa ya karɓa. Na yi magana da matan layinmu huɗu, mun ce ranar Asabar ta ƙarshen wata, da yake ranar tsaftar muhalli ce, maza su yi lambatu mu kuma mu haɗa kuɗin baro. Na kuma zauna da almajirinmu, ashe bola ta yi masa nisa ne shi ya sa yake juyewa a kwata. Laifina ne da ban tambaya ba.

Saura bishiya. Gidan haya muke, mai gidan ya ce darbejiya za ta fasa masa gini.

Hajiya Babba:
Yana da gaskiya, saiwarta tana da ƙarfi. Ki sa zogale 'yata. Ba ya cin wuri, ruwan wanke-wanke in babu sabulu da yawa ya ishe shi, kafin shekara kina cin kwaɗo. In za ku tashi ki yanki reshe ki tafi da shi, yana kamawa.

Mai Gawayi:
Ɗan Maraɗi, don Allah tambaya. Muna da gonar gado a ƙauye, ƙanena ne yake nomawa, kuma na san akwai irin kututturan nan, duk shekara sai ya sassabe su ya sa wuta. Yaya ake yi daidai? Rassa nawa ake bari?

Ɗan Maraɗi:
Abu ne mai sauƙi ɗan'uwa. Kafin shuka ku zaga gonar ku zaɓi kututturan da kuke so. A kowane ɗaya ku dubi rassan da suka fi ƙarfi da miƙewa, ku bar uku zuwa biyar, ku cire sauran. Waɗanda kuka bari ku share masu ƙananan rassa daga ƙasa zuwa rabin tsawonsu. Adda ta zama mai kaifi, kuma a yi saran daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Ku ɗaura jan ƙyalle a jiki, kowa ya san da mai shi. Bayan wata uku ko huɗu a koma a sake gyarawa. Kuma ka fara sanar da mai gari da makiyayan da ke bi ta wurin, don mu nan sai da aka zauna da kowa kafin sara da dare ya tsaya. In ƙanenka yana shakka, ku gwada a kusurwa ɗaya ta gonar bana.

Mai Gawayi:
Na gode. Ranar Juma'a zan je gida, zan tafi da jan ƙyallen.